Kafin Ka Gina Birnin Aljanu

Ƙannena maza da mata na Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa a garin Kaduna, musamman ku da kuka kamu da son rubuta labaran yaƙi da aljanu da matsafa, da ku nake yau. Na san kun fi yawan da ake zato, don irin wannan sana'a ba a cika shelarta ba. Wani tela ne, wata tana ajin ƙarshe a sakandare, wani Keke Napep yake ja, in fasinja ya yi wuya a bakin Kasuwar Monday sai ya zaro waya ya ƙara layi biyu a kan yaƙin da ya bari jiya da dare. Babu kamfanin da ya ɗauke ku, babu editan da ke jiran ku. Ku ne marubuta, ku ne masu gyara, ku ne 'yan talla, ku ne kuma masu bin bashi. Cin gashin kai ke nan, da daɗinsa. Sai dai wanda ba shi da mai ce masa "nan ba daidai ba ne" yakan yi nisa a ɓatacciyar hanya kafin ya farga, masu tafi a WhatsApp kuwa ba za su gaya masa ba.

Rubuce-rubucen matasa da ke zuwa hannuna kusan duk a gari ɗaya suke faruwa, ko da sunan ya canza. Yau Misra, gobe Kisra, jibi birnin Sin, amma da ka shiga sai ka tarar da fadar nan dai, da azzalumin sarkin nan, da bokan nan na kogon dutse, da gimbiyar da kyanta ya wuce misali. Kullum kuwa sai ya wuce misali, don marubucin bai taɓa tsayawa ya dube ta ba balle ya misalta. A garin nan ba a cefane, ba a bin kowa bashi, ba a ruwan sama, ba jaririn da ke tsala kuka da tsakar dare ya hana jarumi barci. Dakaru miliyan goma za su fita yaƙi, su yi tafiyar wata uku a sahara, ba wanda ya tambayi inda dawakinsu za su sha ruwa.

Kada ku ɗauka raina fannin nake yi. Waɗanda suka raya shi lokacin da adabin kasuwar Kano ke tashe, irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da littattafansa na yaƙi, da Nazir Adam Salih, da Maje El-Hajeej Hotoro a ɓangaren ban tsoro, sun yi abin a yaba. Sun jawo samarin da ke ganin karatun littafin Hausa aikin mata ne, har suka zama su ne ke sintiri a shagunan hayar littafi suna tambayar ko na biyu ya fito. Amma zamaninsu ya sha daga wurare da yawa: hikayoyin Larabawa, Dare Dubu da Ɗaya, tarihin yaƙe-yaƙe, finafinan Indiya da na Sin. Kai kuwa in daga gare su kaɗai ka ɗebo, wanda ya biyo ka ya ɗebo daga gare ka, kafin a je ko'ina labarin ya salance, ba abin da ya saura sai sunaye masu nauyi da ƙarar takubba.

Mu koma baya kaɗan. A 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da ofishin fassara a Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. Littattafai biyar aka buga daga wannan gasa, biyu daga cikinsu na wa da ƙane: Ganɗoki na Malam Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Duka biyun akwai aljanu a ciki. Amma ku sake duba Ganɗoki. Kafin jarumin ya taka ƙasar aljanu, sai da marubucin ya bi da mu ta yaƙe-yaƙen da aka gwabza da gaske lokacin zuwan Turawa, da garuruwan da kowa ya san sunansu, da sarakunan da tsofaffin lokacin suka gani da idonsu. Da mai karatu ya gamsu cewa wannan mutum ya san yaƙi, sai ya yarda ya bi shi har inda ba a taɓa zuwa ba. Ruwan Bagaja kuma, ku tambayi duk wanda ya karanta shi a firamare abin da yake tunawa. Ba zai fara da aljanu ba, da Malam Zurƙe zai fara, da cutar da suke yi wa juna shi da jarumin littafin, Alhaji Imam, gari gari. Marubucin, Abubakar Imam, bai wuce shekara 22 ba lokacin, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, amma ya riga ya san yadda mayaudari ke gaisuwa da yadda alƙali ke muzurai.

Aro ma ba laifi ba ne. Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, cike yake da labaran da Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da Kalila wa Dimna, har da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm. An ce zanen aro ba ya rufe katara. To shi bai ɗaura yadda ya aro ba, sai da ya yanka ya sake ɗinkawa daidai jikin Bahaushe, ya ba labaran sarki da waziri da dogarai da kirari, har yau wasu ba su yarda daga waje aka kawo su ba. A 1969 Umaru Dembo ya kai wani yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya, yaron kuwa Bahaushe ya tafi, Bahaushe ya dawo.

To ku me kuke da shi a hannu? Kuna da unguwar da marubucin wata ƙasa zai biya kuɗin jirgi don ya zo ya gani, ku kuwa kuna ratsa ta kullum kanku a sunkuye a kan waya. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a nan, zamanin Sardauna. A shekarun 1960 Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya. A 1964 aka kafa DICON mai ƙera makamai, a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci. Auduga na zuwa daga gidajen gurza na Funtuwa da Gusau da Zariya, jirgin ƙasa na haɗuwa a nan daga Legas da Fatakwal da Kano, ana aiki kashi uku, safe da yamma da dare. In jiniya ta kaɗa, dubban mutane ke fitowa lokaci guda, a ƙafa da kan kekuna, masu tuwo da masu shayi na jiran su a bakin ƙofa. Adams Oshiomhole, wanda ya zama shugaban ƙwadago na ƙasa daga baya kuma gwamnan Edo, a Arewa Textiles ya fara. Sannan abin ya juya. Atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, wuta ta ƙi tsayawa, baƙin mai ya yi tsada, injuna suka tsufa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa har suka koma ga Allah ba su gani ba. UNTL ta rufe a 2007, ko da yake an sake buɗe ta daga baya. Ga manyan gine-gine nan a tsaye, ciyawa ta cinye harabarsu. Wane kufai kuke nema a birnin Kisra da ya fi wannan ban tsoro da ban tausayi?

Bari in ba ku misali kyauta, wanda ya ga dama ya ɗauka. Wani tsoho ne da ya yi ƙuruciyarsa a gaban injin saƙa, yanzu kuma shi ke gadin masaƙar da ta sallame shi. Wata rana da tsakar dare, cikin hunturu, yana zaune ya rufa da bargo kusa da 'yar wutar da ya hura, sai ya ji jiniya, jiniyar da shi da kansa ya ga ranar da aka cire mata waya. Ya ɗauki tocila da gora ya shiga babban zauren. Jemagu suka watse, ƙafarsa tana nutsewa cikin kashin tantabaru, ƙura na shiga masa hanci. Can ƙurya inji ɗaya na aiki, babu wuta, babu mutum, ƙoshiya na kai da kawowa, injin da ya tsaya a gabansa shekara da shekaru, har ya gane shi da tsagar da ke jikin marikinsa. Kafin kiran assalatu turmi ɗaya na atamfa ya faɗo. Duk macen da ta ɗinka ta ɗaura, abin da ta fi so a duniya zai zo mata. Amma duk turmin da ya fito, ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatan da ke unguwar zai wayi gari ya manta wani abu nasa: wannan sunan ɗansa, wancan hanyar gidansa. Jikar tsohon, wadda tela ce, ita ta fara lura cewa zanen da ke jikin atamfar ba fure ba ne, taswirar lungunan unguwa ce, kuma kowane sabon turmi da gidan da yake ƙara nunawa.

Ban ba ku ƙarshe ba, kuma da gangan. Ku lura dai da tambayoyin da suka taso da kansu. Tsohon nan da ke da jikoki ba kuɗin makaranta, zai daina kai turmin kasuwa? Dillaliyar da ta gano sirrin fa? Me liman zai ce, me fasto zai ce, ranar da matansu suka shigo da irin zanen? Ranar da taswirar ta nuna gidan tsohon kansa fa? Ba takobi ko ɗaya, amma ga yaƙi.

Abin da ya ba labarin nan ƙashi shi ne biyan farashi, kuma ba daga Turai muka koyo wannan ba. A al'adar Bahaushe ba asirin da ba shi da sharaɗi, ba kuma wanda ba shi da makari. Ɗan tauri yana da abin da aka hana shi, in ya karya ƙarfe ya ci shi. Mai layar zana da mai baduhu da mai sagau, kowanne an gindaya masa abin da zai kiyaye. Maharbi ya san dabbar da ba a harbi sai an shirya. Ko Dodon tatsuniya in ya yi maka alheri sai ya dawo karɓar abin da aka yi masa alkawari. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Saboda haka kafin ka ba jaruminka zoben tsafi, zauna da takarda ka rubuta wa kanka abu uku: me zoben ke iya yi, me ba ya iya yi ko da za a mutu, me yake karɓa a hannun mai shi duk lokacin da ya murza. In ka rubuta, to ka ɗaure kanka. Ranar da ka karya dokar don jarumi ya tsira, mai karatu zai gane, kuma daga ranar ya daina jin tsoro a madadin jarumin. Labarin da ba a jin tsoro a cikinsa kuwa ya mutu, ko da saura littafi uku.

Kayan gini ba su ƙare a masaƙa ba. Masu bori sun tsara wa iskokinsu birni sukutum, Jangare, mai gidaje goma sha biyu, da sarki da fadawa da malamai da kutare da Fulani da maharba, kowa da halinsa da tufarsa da abin da yake so. Ba cewa nake ku yarda da shi ba. Cewa nake ku ga yadda kakanninku suka iya tsara duniyar ɓoye har da zumunta da gaba a cikinta. Ga Barbushe da Tsumburbura a Dala, ga macijin rijiyar Kusugu a Daura, ga Turunku nan kusa da ku a Ƙaramar Hukumar Igabi, garin da ake dangantawa da Bakwa da Sarauniya Amina. Ga mutum-mutumin Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928 a kudancin jihar nan, sun haura shekara dubu biyu, har yau ba a san sunan da masu yin su ke kiran kansu ba. Mutanen da suka bar fuskokinsu ba su bar sunansu ba: wannan kaɗai ya isa littafi huɗu. Ku hau mota ku je gidan tarihi na titin Ali Akilu, ku je Arewa House da ke titin Rabah, ku nemi littafin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, da tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara ya buga tsakanin 1911 da 1913, da na Ibrahim Yaro Yahaya. Kafin duk wannan ma, ku zauna da kakarku tun tana da ƙarfin magana.

Mai son rubuta takobi kuma ya je maƙera ya wuni. Ya ga yadda yaro ke danna zugazugi, hagu da dama, gawayin ƙirya na tartsatsi; yadda maƙeri ke ciro ƙarfe da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera, ba ya duban agogo, launin ƙarfen yake dubawa, daga ja zuwa ruwan lemo, sannan masaba ta sauka; yadda yake tsoma shi a ruwa ya yi cuu, tururi ya tashi da wani wari da ba ka mantawa. Ka dubi tabon ƙuna a damatsansa, ka ji yadda yake magana da ƙarfi don kunnensa ya saba da ƙara. In ka dawo ka rubuta maƙerin da ya ƙera wa jaruminka takobi, layi huɗu sun isa, mai karatu zai ji zafin wutar. Haka doki. In hawan salla ya zo ka tafi Zariya ka tsaya kusa da masu kula da dawaki, ka san lifidi da sulke da kwalkwali, ka san linzami da likkafa da majayi, ka ga yawan dawa da harawa da ruwan da doki ɗaya ke ci a wuni. Daga ranar ba za ka ƙara tura miliyan goma sahara ba. Za ka tura ɗari uku, kuma za su fi ban tsoro.

Akwai wata magana da ta shafe ku fiye da marubucin Kano ko Sakkwato. Ku a kudancin kogin Kaduna kuke. Rikicin 2000 da na 2002 sun sa mutane sun kwashe kaya sun ƙetare gada, wasu suka yi arewa wasu suka yi kudu, har garin ya kusa zama biyu. Duk da haka a Kakuri har gobe Bahaushe da Bagwari da Bajju da Atyap da Tibi da Ibo da Bayarabe kasuwa ɗaya suke ci, kuma da Hausa suke ciniki. Da yawansu suna karanta Hausa sarai, wasu a coci suka koya. Masu karatunku ne, in kun so. To ku kula da mugayen da kuke ƙirƙira. In ƙabilar matsafan labarinka ta fito da sunaye da tsagar fuska da abincin maƙwabcinka, ba labarin al'ajabi ka rubuta ba, tsohuwar gaba ka sa wa rawani. Garin da kogi ya raba, da gadar da ake jin tsoron hawa bayan magariba, da yaro da yarinyar da suka tashi gida ɗaya aka raba su: wannan labari naku ne, ba wanda zai rubuta shi kamar ku, amma sai wanda zai iya ba kowane ɓangare mutanen kirki da 'yan iska daidai gwargwado.

Ta fuskar addini, rubuta boka ba yarda da boka ba ne, kamar yadda rubuta ɓarawo ba sata ba ce. Iyakar dai a bayyane take: kada ka ƙagi aya ko hadisi, kada ka sa wa wani annabi magana a baki don labari ya yi armashi. Kada kuma addu'a ta zama ƙofar gudun marubuci, wato ka kai jarumi inda ka rasa yadda za ka fitar da shi, sai ka ce ya ɗaga hannu, nan take komai ya rushe. Mai karatunka ya yarda da addu'a, amma ya san ana ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali. Nuna mana wahalar da jarumin ya sha da dabarar da ya yi, sannan taimakon Allah ya zo ta inda ka riga ka share tun farkon littafi.

Yanzu rayuwar aikin kanta. Kada wanda ya bar sana'arsa don rubutu, aƙalla ba yanzu ba. Imam yana koyarwa ya rubuta nasa. D. O. Fagunwa, wanda ya buɗe wa Yarabawa wannan fanni a 1938, malamin makaranta ne. Amos Tutuola masinja ne a ma'aikatar ƙwadago a Legas lokacin da ya rubuta labarin mashayin bammin nan da kamfanin Faber ya buga a Landan a 1952. Za ku ji ana ba da labarin Brandon Sanderson na Amurka, wanda a watan Maris na 2022 masu karatunsa suka tara masa sama da dala miliyan 41 ta Kickstarter don ya buga littattafai huɗu da kansa. Gaskiya ne. Abin da ba a cika haɗawa da shi ba shi ne mutumin nan ya yi aikin dare a teburin karɓar baƙi na otal, yana rubutu in baƙi sun kwanta, kuma ya gama littattafai sama da goma kafin na farko ya fito a 2005. Wanda ya ɗauki rabin labarin ya bar rabi, shi zai sayar da kekensa.

Ka zaɓi lokacin da ba na kowa ba, bayan asuba ko bayan an rufe shago, ka riƙe shi ko da shafi ɗaya za ka samu. In wuta ta ɗauke kuma waya tana wurin mai caji, littafin rubutu na 'yan makaranta da biro ba sa mutuwa. Ka keɓe wani littafin daban don duniyar labarinka: sunayen mutane da shekarunsu, wa ya haifi wa, kwana nawa ne daga wannan gari zuwa wancan, wane hannu aka sare wa sadaukin nan, don kada ya fito a littafi na uku yana tafi da hannu biyu. Duk babin da ka gama a waya, tura wa imel ɗinka a daren. Waya tana faɗawa ruwa, ana fizge ta a bakin titi, kuma ba a taɓa sake rubuta babi ya dawo yadda yake ba.

Tsofaffin ma'aikatan masaƙa za su gaya muku cewa yadi ba ya fita daga inji ya zarce kasuwa. Akwai masu dubawa, aikinsu ke nan su ja shi a ƙarƙashin fitila suna neman inda zare ya tsinke ko rini ya zarce, su yi alama a ware. Wanda ya saƙa ba shi ke dubawa ba. Marubucin kamfani yana da irin waɗannan. Kai sai ka nemo naka. Ba masoyinka ba, ba wanda kake ba bashi ba. Nemi mutum biyu: ɗaya wanda ya san ƙa'idar rubutun Hausa, malamin Hausa na sakandare ma ya isa, ya bi maka rabon kalmomi da haruffa masu lanƙwasa, waɗanda yanzu ba uzurin barin su tunda allon rubutun waya yana da Hausa, ɗayan kuma mai saurin gajiya, ka karanta masa da baki, ka riƙa satar kallon fuskarsa. Inda ya fara duba wayarsa, yi alama, nan za ka yanke. In kalma ta shige maka duhu, ga ƙamusun Bargery na 1934 a intanet, ga na Jami'ar Bayero na 2006. Ka kuma riƙa leƙa inda marubuta ke taruwa. A garin nan aka fara bikin littattafai na KABAFEST a 2017, a nan kuma aka fara na adabin Hausa, HIBAF, a 2021. Ƙannena mata, gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 makaranta ce ta koyon taƙaita magana, ko ba a ci ba.

Sai kuɗi, inda zumunci ke ɓaci. Tsarin yanzu kowa ya san shi: a saki shafukan kyauta, in labari ya kama mutane a ce sauran na kuɗi ne, a tura 'yan ɗaruruwan naira a shiga rukuni. Ba laifi. Laifin shi ne karɓar kuɗi a kan labarin da kai kanka ba ka san ƙarshensa ba. Labaran yaƙi sun fi kowanne faɗawa wannan rami, don buɗe su da sauƙi, rufewa da wuya: ka tara sarakuna bakwai da aljanu tara, ka rasa yadda za ka sallame su, sai ka ɓace, mutane na ta sallama a rukuni ba amsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gama rubutun farko tukuna, ko da mummuna ne, sannan ka buɗe baki. Masu fitar da littafin kuɗi su raba kyauta kuwa ba za su ƙare ba, kuma dogon Allah-ya-isa a saman kowane shafi ba ya hana su, sai dai ya ɓata wa wanda ya biya rai. Abin da ke riƙe mai saye shi ne ya san in ka ce Juma'a, to Juma'a ce.

Kada kuma ka zuba dukiyarka a rumbun wani. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da littattafansu, ta rufe a watan Nuwamba na 2023. Duk manhajar da kake amfani da ita, ka riƙe cikakken kwafin aikinka da lambobin masu sayenka a wurinka. In ka tashi bugawa a takarda, fara da kaɗan, ka nemi lambar ISBN a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, kuma ka karanta gwajin bugu da idonka kafin maɗaba'a ta saki inji.

Wata rana wani zai kira ka, ya ce yana son karanta littafinka a tasharsa ta YouTube, ko zai mayar da shi fim, ya haɗa da cewa ai tallata ka zai yi. Ka sani dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta ba ka mallakar labarinka tun daga ranar da ka rubuta shi, ko ba ka yi rajista ba, kuma haƙƙin yana bin magadanka har shekara 70 bayan ranka. Dokar ta ce sayar da haƙƙin, ko ba wani izinin da ya keɓanta da shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce. Saboda haka kada kunya ta hana ka cewa a kawo takarda, ko da mai kiran yayan abokinka ne. A rubuta wane littafi ne, murya kaɗai aka ba shi ko har da fim, na shekara nawa, nawa zai biya kuma yaushe, da sharaɗin cewa sunanka zai fito a farkon kowane kashi, kuma ba zai canza ƙarshen labari ba sai da yardarka. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa, kai kuma ka ɗauki hoton naka ka tura wa imel ɗinka kafin ku tashi daga wurin.